Hatsarin mota a Sakkwato: wa zai biya kuɗin asibiti?

Ƙanin matata ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Sakkwato. Wata Laraba bayan la'asar ya taso daga aiki a kan mashin ɗinsa, wata mota ta kwashe shi a titin baifas na yamma, ƙashin cinyarsa ya karye. Kafin in isa asibiti an riga an sayi ruwan ƙari da allurai da safar hannu, an biya kuɗin hoto, kowa ya zazzage abin da ke aljihunsa. Ya yi kusan mako uku a kwance. Raguna biyu da surukata ke kiwo saboda layya suka tafi Kara, aka kuma ci bashi a wurin abokan aikinsa.

Sai da ƙura ta lafa muka gane asarar da muka tafka. Katinsa na inshorar lafiya yana cikin aljihun wata riga a gida, babu wanda ya tuna da shi. Motar da ta buge shi tana da inshora mai rai. Hatsarin kuma ya same shi ne a hanyar komawa gida daga wurin aiki, abin da doka ta yi wa tanadi na daban. Ƙofofi uku ke nan, ko ɗaya ba mu ƙwanƙwasa ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Abin da na koya daga baya shi zan jera a nan bi da bi, yadda al'amarin yake zuwa wa mutum.

Mataki na farko: san katin da ke hannunka tun kana lafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Mayun 2022, lokacin da marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa daga NHIS zuwa NHIA, inshorar lafiya ta zama wajibi a kan kowane ɗan Nijeriya, ko da dai a takarda ne. A Sakkwato hanyoyin shiga sun kai huɗu. Ma'aikacin tarayya yana ƙarƙashin NHIA, shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Mai mata biyu da 'ya'ya tara ya lura da wannan da kyau, domin sauran sai an ƙara musu rajista da kuɗi, in ba haka ba ranar da uwargida ko amarya ta faɗi daga kan kabu-kabu za a duba a ce babu sunanta. Ɗan kasuwa da tela da mai agwagwa da buje, wato keke napep, suna iya shiga tsarin GIFSHIP na NHIA, wanda ake biya shekara-shekara. Ɗaliban manyan makarantu suna da nasu tsarin, TISHIP, kuma da yawansu sun biya kuɗinsa cikin kuɗin makaranta ba su ma sani ba. Sai SOCHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda ta hannunta ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista.

Kowanne kake ciki, ka je ofishinsu ka nemi jerin abin da suke biya a rubuce, ka tambaye su gatsal a kan karaya, da tiyata, da ƙarfen da ake sa wa a ƙashi, da ƙarin jini, da gashin ƙashi bayan an warke. Yawancin mutane sun san katinsu a kan zazzaɓin cizon sauro ne kawai, alhali kuɗin hatsari a waɗannan biyar ɗin yake taruwa.

A ƙa'idojin da tsarin tarayya ya daɗe yana aiki da su, majinyaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Manyan hotuna irin su CT da MRI raba-daidai ake yi, rabi naka rabi nasu. Kwanciya a ɗakin gama-gari tana da iyakar kwana 21 a shekara, wanda kuma ya zaɓi ɗaki na musamman shi zai cika. Raunin da aka samu a tseren mota ko tseren doki ba ya ciki sam, matasan da ke gwada gudu da mashin in dare ya yi su ji da kyau. Sabuwar rajista ma ba ta fara aiki nan take, akwai lokacin jira, saboda haka wanda ya garzaya yin rajista bayan an kwantar da ɗan'uwansa ya makara.

Ƙaramin aiki na minti biyar: ɗauki hoton katin da wayarka, tura wa iyalinka da wani ɗan'uwa, ka ajiye lambar wayar kamfanin da ke riƙe da rajistarka, waɗanda ake ce wa HMO. Wanda mota ta buge ba ya cikin hayyacin da zai tuna lamba.

Mataki na biyu: a bakin titi

Rai ne a gaba. A kira 122, layin jami'an kiyaye haɗurra na FRSC, ko 112. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Wanda yake kukan wuya ko baya, ko ya suma, kada a naɗe shi a cusa a bayan mota kamar buhun gero, a ɗaga shi a miƙe, kai da wuya da gangar jiki su tafi tare. Kada a ɗura masa ruwa ko fura, wataƙila tiyata ke jiransa.

Cikin taron da ke kewaye wuri, mutum ɗaya ya ware kansa ya zama mai tattara shaida. Ya ɗauki hoton lambar motar, da yadda motocin suka tsaya kafin a janye su, da takardar inshorar motar, da lasisin direba. Ya karɓi lambar wayar mutum biyu da abin ya faru a idonsu. Mu ba mu yi ko ɗaya ba, sa'a muka ci direban mutumin kirki ne ya biyo mu asibiti da kansa. Shi ya sa nake ganin masu far wa direba da duka suna cutar majinyacin ne. Direban da ya tsorata ya tsere, ya tafi da sunan kamfanin da zai biya.

Masu tafiya Gusau ko Illela ko Jega, in an miƙo takardar rubuta sunayen fasinjoji a tasha, a rubuta sunan gaskiya da lambar wanda za a kira. Ita ce shaidar cewa kana cikin motar. Wanda ya tare mota a bakin titi a Kwannawa don ragin kuɗi ba shi da wannan shaidar.

Mataki na uku: asibiti da sa'a 48 na farko

A nan ake samu, a nan ake rasawa. Manyan raunuka a garin nan galibi suna ƙarewa ne a cibiyar kula da masu rauni ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko asibitin ƙashi na Wamakko. Amma a halin gaggawa asibiti mafi kusa ake nufa, ko da ba shi ne wanda aka rubuta a katinka ba.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba majinyacin gaggawa ko da wane dalili, wanda ya ƙi kuma yana fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Batun sai an kawo takardar 'yan sanda kafin a taɓa mutum ba shi da tushe. Tun 2017 akwai dokar da ta ce ko wanda aka harba da bindiga a fara yi masa magani kafin a nemi takarda, balle wanda mota ta buge.

Wannan ita ce doka. Dare a sashen gaggawa kuwa wani abu ne daban, za a iya miƙo maka 'yar takarda a ce je ka sayo. Shawarata, kada ka tsaya karanto sashe na 20 ɗan'uwanka yana zubar da jini. Sayo, ka karɓi rasit, a yi lissafi daga baya.

Abin da ba za a bari ya wuce ba shi ne lokacin buɗe fayil. Nan take a ce wa mai rubutu, "Wanga mai inshora na, ga katinai." Manyan asibitoci suna da teburin masu inshora, a nemi inda yake a kai hoton katin. In an buɗe fayil a matsayin mai biya daga aljihu, komai zai bi wannan layin, kuma juyo da shi daga baya jan aiki ne.

Sai a kira HMO. A tsarin yau da kullum, kafin a yi wa mai inshora babban aiki kamar tiyata, sai kamfanin ya ba asibiti lambar amincewa, wadda ma'aikata ke ce wa kod. A da jiran kod kan cinye wuni guda. Daga watan Afrilun 2025 NHIA ta umarci kamfanonin su bayar da amsa cikin sa'a ɗaya, ta kuma ce a halin gaggawa ba a jiran kod kafin a fara magani, amma a nemo shi cikin sa'a 48 da farawa. Aikin asibiti ne ya nema, gaskiya ne. To amma nas ɗin da ke fama da majinyata cike da ɗaki ba za ta tuna da naka ba, kai za ka bi. Ka kira, ka rubuta sunan wanda ya ɗauka da lokacin da kuka yi magana, ka bi da saƙon tes don ya zama shaida. Washegari da safe ka koma teburin ka tambaya, kod ya fito?

In an ce wani magani babu shi a kantin asibiti, ka sa a rubuta hakan a jikin takardar maganin kafin ka fita waje saye. Kantin da ka saya kuma ya ba ka rasit mai hatimi, da sunan majinyaci da kwanan wata. Jimilla da aka rubuta a bayan kwalin magani ba rasit ba ce.

Za a nemi jini, kuma ko da inshora 'yan'uwa ake sa ran su bayar a maye gurbi. A tara matasan gida tun da wuri.

Maganar ɗori

Kwana biyu da kwanciya za a fara raɗa: "A kai shi wurin mai ɗori, asibiti yanke ƙafa suka yi." Ba zan zagi masu ɗori ba, sana'a ce ta gado, kuma mutane suna zuwa ne don sauƙin kuɗi. Sai dai likitocin ƙashi a arewa sun daɗe suna kuka da ɗaurin karare mai tsanani da ke hana jini gudu har gaɓa ta ruɓe, musamman ga yara, kuma karayar da ƙashi ya huda fata tana buƙatar wanki a ɗakin tiyata da allurar tetanus. Ta fuskar kuɗi kuma, ranar da kuka sa hannu a takardar fita ba da yardar likita ba, kun raunana hujjarku. Inshorar lafiya ba ta biyan mai ɗori, kamfanin inshorar mota kuma zai ce lalacewar ƙafar daga gare ku ne. Abin takaici, mai kati ya gudu daga tiyatar da za a biya masa ya je inda zai biya da kansa.

Mataki na huɗu: jaka guda, mutum guda

A sami jakar leda mai zif, a damƙa wa mutum ɗaya mai natsuwa. A gidanmu da ƙanwar majinyacin aka ba tun farko, da ba a yi asarar rasit ko ɗaya ba. Abin da zai shiga ciki: duk rasit, takardun magani, hotunan ƙashi da sakamakonsu, takardar sallama, rahoton likita mai bayyana raunin da aikin da aka yi, da rahoton 'yan sanda na sashen haɗurran mota, wanda ke ɗauke da zanen wurin da bayanin shaidu. Rahoton 'yan sandan nan a nema cikin kwanakin farko, tun shaidu ba su watse ba. Kowace takarda a ɗauki hotonta ranar da ta shigo, asali kuma kada a bayar sai an riƙe kwafi.

Mataki na biyar: inshorar motar da ta yi ɓarnar

Takardar nan da 'yan sanda ke tambaya a shingen hanya, mafi yawan direbobi sun ɗauke ta kamar kuɗin wucewa. Alhali alkawari ne kamfani ya ɗauka cewa in motar ta ji wa wani rauni, ko ta kashe shi, ko ta lalata masa dukiya, shi zai biya. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga naira 5,000, ta kuma ɗaga abin da ake biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Wannan iyakar ta dukiya ce kawai, ba ta shafi rauni da rasa rai ba. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka ƙaddamar da tilasta ta a ƙasa baki ɗaya.

Abu biyu a riƙe. Na ɗaya, wannan inshorar ta dole ba ta biyan mai motar a kan raunin kansa ko motarsa, na waje take karewa. Direban da ya ji ciwo katin lafiyarsa zai dogara da shi, ko cikakkiyar inshora in yana da ita. Na biyu, akwai takardun bogi da 'yan na-kama ke bugawa. Danna *565*11# a waya ka sa lambar motar, rumbun bayanan kamfanonin inshora zai nuna ko tana da rai. Mai mota ya gwada tasa yau. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisin NAICOM, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, da ke bayar da ita a tsarin Musulunci.

Yanzu ga inda ya fi yi mini ciwo. Kwana uku da hatsarinmu direban ya zo gida da yayansa da limamin unguwarsu. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka gaisa, ya duƙar da kai ya ajiye 'yar ambulan. Kawun matata ya tura masa abarsa ya ce, "Haba ɗana, ɗauki abinka. Wanga abu ƙaddara ta, mu mun yahe. Allah shi kiyaye gaba." Aka shafa fatiha, kowa ya tashi zuciya fari.

Ban ga laifin Kawu ba, halin dattako ya nuna, kuma bawan Allahn nan da gani ba shi da abin biya. Amma yafe wa direba daban, yafe wa kamfani daban. Kuɗin da za a biya ba daga aljihun direban zai fito ba, daga kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗinsa ne don irin wannan rana. Da mun sani, da abin da za a ce a zauren shi ne: mun yafe maka, ba za mu kai ka kotu ba, abin da muke roƙo ka sanar da kamfaninka ka ba mu haɗin kai. Zumunci bai taɓu ba, ragunan Inna kuma da suna nan.

Yadda ake bi shi ne, mai motar ya sanar da kamfaninsa a rubuce ba da ɓata lokaci ba, domin sharaɗi ne a yarjejeniyar. Wani sharaɗin kuma shi ne kada ya ɗauki alhaki ko ya yi alkawarin biya ba da sanin kamfanin ba, don haka a yi hattara da takardar sasanci da ake rubutawa a ofishin 'yan sanda. Duk takardar da ta ce magana ta ƙare, ba sauran neman komai, kada a sa mata hannu majinyaci yana kwance, ba a san ko za a sake tiyata ba. Ku ma ku rubuta wa kamfanin wasiƙar neman haƙƙi, da lambar motar da lambar inshorar, ku haɗa kwafin abin da ke jakar nan, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku lissafa abin da ya fita daga aljihunku, da kuɗin shigar da aka rasa a watannin jinya, da nakasa in ta samu. Abin da HMO ta riga ta biya kada a sake sa shi, ba a karɓar kuɗin abu ɗaya sau biyu, kuma in suka gano ƙari a wuri ɗaya za su yi shakkar sauran. Tayin farko ba dole ne a karɓa ba. In raunin babba ne a sa lauya, marar hali kuma ya je ofishin hukumar ba da lauya kyauta ta tarayya, domin neman diyyar hatsari yana cikin ayyukan da dokarta ta 2011 ta ɗora mata.

Mataki na shida: in a bakin aiki ne

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta shafi raunin da aka samu a bakin aiki, har da hanyar zuwa aiki da komawa gida. Ma'aikata ba sa biyan komai, mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi. Kwanakinta ƙidayayyu ne: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da wurin aiki cikin kwana 14, wurin aiki ya kai wa NSITF rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Zuwan abokan ofis dubiya da lemo ba sanarwa ba ce, a rubuta. Wannan ya fi shafar direbobin kamfani da masu kai saƙo a mashin, domin tsarin lafiya na tarayya yakan cire raunin bakin aiki ya bar wa wannan dokar.

In an juya maka baya

HMO ta ƙi ba da kod, ko asibiti ya dage sai ka biya abin da ke cikin jerin, ka kai ƙara ofishin NHIA na Sakkwato, ko SOCHEMA in katin nasu ne. Kamfanin inshorar mota yana ja maka rai, ka rubuta wa sashen ƙorafi na NAICOM. Kowanne za ka je, ka tafi da wasiƙa shafi ɗaya mai kwanan wata: ga ranar hatsari, ga ranar da muka kira, ga wanda ya ɗauka, ga abin da aka ce, ga abin da muke nema. Ka riƙe kwafi mai hatimi, ka tambayi sunan jami'in da fayil ɗin ke hannunsa da ranar da za ka dawo, ranar kuma ka dawo.